Wayar da Ke Bayan Madubi

Shekara goma sha tara na yi a ɗakin duhun nan na asibitinmu a jihar Nebraska ta Amurka, ina danna na'urar ɗaukar hoto. Gabana madubi ne mai ido ɗaya: mu muna ganin ɗakin duba marasa lafiya, da izininsu, su kuwa fuskarsu kaɗai suke gani. Na lura kowa sai ya duba haƙoransa a ciki, har fasto.

Kusa da ni Dakta Lorraine Vandermeer take zama. Ba ta yin allura, ba ta rubuta magani. Halayyar ɗan Adam ta karanta, aikinta koya wa sababbin likitocin iyali sauraron mutane. A gefenta akwai waya mai shiga ɗakin duba marasa lafiya kai tsaye, amma ban taɓa ganin ta ɗaga ta ba. Sai an gama take zaunar da likita su kalli kaset tare. Dokarta ɗaya kowa ya haddace: in kana tare da mara lafiya, kada ka amsa waya.

A makonta na ƙarshe kafin ritaya Elmer Dahlke ya zo, manomin masara wanda matarsa ta rasu da bazara. Dakta Curtis Oyler, sabon likita da ke shekarar farko ta koyon aiki, ya auna jininsa.

"Ya ɗan hau, Mista Dahlke. Kana shan maganin kuwa?"

"In na tuna. Kai ma gashin bakin nan naka ya ɗan hau, likita. Saura ƙiris a gan shi."

Curtis ya yi dariya yana rubutu. "Ina karenka Buster? Yau ban ji haushinsa daga mota ba."

"Na ba maƙwabcina shi. Da kwanonsa da bargonsa."

"Ka huta da ɗawainiya. Sai bayan wata uku ke nan."

"Kada ka ɓata takardarka," in ji Elmer.

Lorraine ta ajiye kofinta. "Otis," ta ce mini da raɗa, "tun yaushe karen nan yake wurinsa?"

"Shekara goma sha ɗaya. A kujerar gaba yake zama, ko marigayiyar ma baya take komawa."

"Yana da bindiga?"

"Wane manomi ne ba shi da ita, Dakta?"

Elmer ya miƙe ya ɗauki hularsa. Ƙofar ɗakin taku goma ce zuwa wurin ajiye motoci, mu kuwa sai mun zagaye asibitin kaf. Lorraine ta fizgi wayar.

Ta yi ƙara a can ciki. Curtis bai ko waiwaya ba. Ta yi ta biyu, ta uku. Sai ya dubi madubi ya yi ɗan murmushi.

"Wayyo ni," in ji Lorraine. "Ya ɗauka jarraba shi nake yi."

Elmer ya kama mariƙin ƙofa. Lorraine ta doki gilashin da tafin hannu, zobenta ya ce ƙas, hoton ɗakin ya yi rawa kamar inuwa cikin ruwa.

Murmushin Curtis ya ɗauke. Ya dubi madubi, ya dubi takardarsa, ya dubi bayan Elmer.

"Mista Dahlke, dakata. Me ya sa ka ba da Buster?"

Elmer bai juyo ba. Na zuba wa agogon na'urata ido. Daƙiƙa goma. Ashirin. Curtis ya buɗe baki zai ƙara magana.

"Yi shiru, ɗana," Lorraine ta ce wa gilashin. "Yi shiru."

Ya rufe bakinsa. A daƙiƙa ta arba'in da ɗaya Elmer ya ce, "Ba na son ya zama shi zai tsinci gawata."

Curtis ya ajiye alƙalami, ya jawo kujera kusa da tasa. "Zo mu zauna. Ba inda za ni."

Elmer ya daɗe a tsaye, sannan ya saki ƙofar ya zauna, hular a kan gwiwarsa. Lorraine ta fita da sauri don ta zagaya wurinsu, ta bar kan wayar yana lilo a igiyarsa.

Kafin azahar 'yar Elmer ta je gidan gonarsa ta kwashe bindigoginsa. Biyu ne, ɗaya da harsashi a ciki.