Ka Ce Mata Na Ji Sauƙi

Waya na ta ƙara a hannun Abdulƙarim, Baba Shekari ya miƙo hannu daga kwance ya riƙe masa gefen riga.

"Rosaline ce ko? Ka ce mata na ji sauƙi."

"Haba Baba, ko kunu fa ba ka iya haɗiyewa."

"In ka faɗa mata, yanzu za ta baro taron ta kamo hanyar dajin nan. Ka rufa mini asiri."

Katanga ce kawai ta raba gidajensu a unguwar Magajin Gari, tun da 'yan bindiga suka raba Baba Shekari da gonarsa ta Kuyello. A kan wannan ne Rosaline, 'yarsa tilo, ta shirya fim. Ran nan kuwa ake bikin karrama 'yan fim na shekara a Abuja, da sunanta cikin masu takara.

Abdulƙarim ya fita tsakar gida ya ɗauka.

"Kawu, yaya jikin Baba? Tun asuba gabana ke faɗuwa. In taho?"

Ya waiwayi ƙofar ɗakin. "Da sauƙi sosai. Yanzu ma ya ci tuwo ya kwanta. Ki tsaya ki yi abin da ya kai ki."

"Tsakani da Allah, Kawu?"

"Tsakani da Allah," ya ce, bakinsa ya yi ɗaci.

Bayan la'asar numfashin tsohon ya canja. Aka kira fasto, matan zumuntar coci suka cika ɗakin suna waƙa ƙasa-ƙasa. Can Baba Shekari ya buɗe ido, ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ta iso ba?"

Abdulƙarim ya sunkuyar da kai. Da ya faɗi gaskiya da safe, da yanzu tana zaune a bakin gadon nan.

Kafin magariba Baba Shekari ya cika.

Abdulƙarim ya idar da salla ke nan wayar ta sake ƙara. Tafi da kiɗa suka cika masa kunne.

"Kawu, mun ci! Mun ci! Kai wa Baba wayar, ko barci yake ka tashe shi!"

Ƙafafunsa suka kai shi har ƙofar ɗakin, ya tsaya riƙe da wayar, muryarta na fitowa siririya.

"Baba? Baba, kana ji na?"

Matan suka dinga yin shiru, ɗaya bayan ɗaya.