Ƙuri'ar da Na Kaɗa wa Lantana

Lantana ta rasu ranar Alhamis da hantsi, ana saura mako guda da 'yan kwanaki a zaɓi shugaban ƙasa. Tana tankaɗe gari ta ce kanta na sara mata, ta jingina da bango. Likita ya ce hawan jini ne. Da Turanci ya fara faɗa, don ya ji an ce ni tsohon malamin makaranta ne, sai ka ce da Turanci abin zai zo da sauƙi.

Ɗiyar kawuna ce, taubashiyata tun kafin ta zama matata. Al'ada ta ba ta izinin tsokanata tun muna yara, aure kuma bai ƙwace izinin ba. Mun yi gardama kan ganin wata, kan ko ruwa zai sauka, kan wanda ya bar ƙofa a buɗe akuya ta shigo. Ni ina da kabad cike da littattafai, ita tana da baki. Allah bai ba mu haihuwa ba, gardamar ce ta cika mana gidanmu na Gusau.

Ta ƙarshe muka yi ta ana gobe za ta rasu, bayan la'asar. Mutum biyu ne ke takara, duka daga Kudu: tsohon Janar mai alamar lema, da wani tsohon minista mai alamar masara. Manyan Arewa sun bi Janar, kowa kuma ya ɗauka talakawa za su bi manya.

"Arewa kaf ta Janar ce," in ji ta. "Har Zamfara."

"Ban da Zamfara," na ce. "Ban da Sakkwato."

"Kai da ba ka san hanyar kasuwa ba, kai ne za ka san cikin Zamfarawa?"

"Manomi ba zai ga masara a takarda ya dangwala wa lema ba. Mataimakin mai masarar kuma ɗan jihar nan ne."

Ta ajiye tsintar shinkafar da take yi, ta gyara zama. "Bawana ya yi karatu har karatun ya taɓa shi."

Bawa take ce mini in ta ji daɗi, don ni ɗan mace ne, ita ɗiyar namiji. Muka yi ta yi har aka kira magariba. Da safe na je teburin mai shayi a bakin tasha, na maimaita hasashena gaban direbobi da 'yan kasuwa, suka yi mini dariya. Ina can aka aiko.

Bayan an watse daga zaman makoki, abu ɗaya na ga ya rage da zan iya yi mata: maganarta ta ƙarshe ta tabbata. Ina so jihar nan ta ƙaryata ni.

Na shiga mota zuwa Tsafe, na ƙarasa 'Yankuzo, garinsu. Yayanta Manu na zaune a zaure yana gyaran igiyar shanu. Na ce ya tara mutanen gidansa su zaɓi lema.

Ya dube ni. "Malam Tukur, ba kai ne kac ce masara za ta ci ba? Har nan labarin ya iso."

"Ni ne."

"To mi ya canza?"

"Lantana ta ce lema."

Ya daɗe yana murza igiyar. "Allah ya jiƙanta. Amma wanga gida mun riga mun yi alkawari. Kuma mun ƙara ƙarfi ne da muka ji mai ilimi irinka ya ce masara."

Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa samun ɗalibin da ya riƙe maganata haka ba.

A Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu na yi rajista, can aka haife ni. Ranar Asabar na shiga layi tsakanin mutanen da na koya wa ƙirga. Wani ya ce, "Malam, muna bayanka!" Ban gode masa ba. Da na karɓi takarda na dangwala wa lema, na danna sosai har tawada ta huda bayan takardar. Ban san Janar ba, ban kuma ga abin so a gare shi ba. Na karanta tarihin sojojin ƙasar nan, har da sharhin ƙasan shafi.

Litinin da safe na koma teburin mai shayi, don gidan ya yi shiru da yawa. Rediyo na rataye a ƙusa, ana jero jihohi. Kano, lema. Katsina, lema. Kaduna, lema. Kowace aka kira sai na ji kamar tana bayana tana gyaran murya. Har na fara jin sanyi a raina.

Sai aka ce Sakkwato, masara. Aka ce Zamfara.

Kabiru direba, wanda ya fi kowa dariya rannan, ya buga tebur har shayi ya zube. "Kai! Malam, aljanu gare ka?"

"Littafi ne, jahili," in ji Alhaji Usman mai hatsi. "Malam, ka duba mana farashin dawa bana."

"Ka duba mini ko matata Asabe za ta dawo daga yaji!" in ji Kabiru.

"Wannan ko ni na sani, Kabiru," in ji Alhaji Usman. "Ba ta dawowa."

Aka bushe da dariya. Mai shayi ya ƙara mini madara bai tambaye ni ba. Alhaji Usman ya sunkuyo ya ce ai Janar ne ya ci ƙasa baki ɗaya, don haka marigayiya ma ba ta faɗi ba. Mutumin kirki ne, amma bai san gardama ba. Ba kan ƙasa muka yi ba. Kan Zamfara muka yi, kuma Lantana ba ta karɓar rabi.

Na bar shayin na taho gida a ƙasa. Hanyar ba ta da nisa, na yi ta jan ta. A zaure na yi sallama, don bakina bai daina ba tukuna. Na zauna a tsakar gida, inuwa ta matsa daga bangon gabas, ban matsa ba.

Tun ranar mutane ke tsayar da ni a hanya suna tambayar yadda na gano. Ina ce musu masara, ina ce musu mataimaki. Dalilan suna da kyau, a take na ƙirƙiro su. Ban gano komai ba. Da ta ce masara, da lema zan ce.

Ita ya kamata ta ji wannan, ba direbobi ba. Lantana, in na yarda da ke tashi kike yi ki koma madafa. In na musa miki sai ki zauna. Zaman nake so.