Makarantar Kwari Ta Zo Ta Ƙarshe

Da aka sanar a lasifika cewa makarantar Kwari ce ta ƙarshe, sai filin taron ya ɓarke da dariya. Kande dai ko murmushi ba ta yi ba. Idonta na kan Malama Maryamu, malamar Kwari, wadda ta duƙa tana ɓalla wa wani yaro maɓallin riga kamar ba da ita ake ba.

Makarantun gwamnati biyu ne a wannan ƙauye na bayan Rigachikun: ta Tudu mai sheƙin fenti, da ta Kwari mai yoyo. Duk shekara jami'an ilimi kan zo daga Kaduna su gwada yara, kuma duk shekara Tudu ke lashewa. Ba wani asiri ba ne. Ana gobe gwaji, hedimastan Tudu kan tsame waɗanda kansu ba ya ja, ya ba su hutu su je roron gyaɗa. Salamatu, 'yar Kande, ta sha wannan hutu har ta gane ma'anarsa. Ranar da ta gane, ta cusa jakarta ƙarƙashin gado, ta ce ita daƙiƙiya ce, a ƙyale ta.

Malama Maryamu ce ta tako har tsakar gida.

"Maman Salamatu, ba ni ita. Ni ba na tsince yara kamar tsakuwa a shinkafa."

Haka ta kwashe korarrun Tudu kaf, ta kai su Kwari, ranar gwaji kuma kowa ya zauna aka gwada shi. Yau ga Salamatu tana karatu, da tuntuɓe dai, amma tana yi.

* * *

A filin taron, babban jami'in ya ce wannan abin kunya ne, za a ɗauke Malama a kawo mai ƙwazo. Kande, da ba ta taɓa magana gaban maza ba, ta ji ta a tsaye.

"Ranka ya daɗe, a tambayi Tudu mana, ina yaransu ke zuwa ranar gwaji?"

Ya dubi agogonsa. "Mama, mu sakamako muke dubawa."

Aka ci gaba da taro, ana tafa wa Tudu.

* * *

Ranar tafiya Kande ta kai wa Malama kaza har bakin titi. Ta so ta faɗi abubuwa da yawa, kuka ya ci ƙarfinta.

"Malama, kin dawo min da 'yata. Allah ya saka miki, ya raya naki."

"Amin. Ke dai kada ki bari ta zauna a gida."

Ba ta bari ba. An shuka gero, an yanke, mai ƙwazon bai iso ba. Amma kowace safiya daga gonarta Kande kan jiyo muryoyin yara a ajin da babu malami, suna karanta darasin ƙarshe da Malama ta bari a allo. Allin ya fara dushewa, kuma har yanzu babu wanda ya yarda a goge.