Sunan da Malam Barau Bai Taɓa Kira Ba

Da sunan Allah Mai jinƙan bayinsa na gida da na nesa.

A garin Toranke akwai wani dattijo, Malam Barau, wanda ya tsufa yana biya wa yara karatu a zaurensa. Ɗansa na fari, Mudassir, aiki ya kai shi wata ƙasa mai sanyi a Turai, shi da matarsa Muslima da 'yarsu ta fari, Suwaibatu. Da yarinyar ta isa shiga makaranta, sai da suka nemi shawarar Malam: ko ta gwamnati da ke bayan gidansu, ko ta Musulmi da ke wani gari mai nisa, ko kuwa uwarta ta koyar da ita a gida. Malam ya yi istihara, ya ce a sa ta a ta kusa, a riƙa kai ta masallaci ran Asabar ta ɗauki Alƙur'ani.

Wata rana bayan la'asar, matarsa Hanne ta fito zaure da waya a hannu, mayafinta a karkace.

"Malam, surukarka ce. Kuka take yi, na kasa gane kan maganar."

Ya karɓa. "Muslima, lafiya?"

"Baffa, za su raba mu da Suwaibatu!" in ji ta. "An kira taron iyaye a makaranta. Malamarsu ta tambayi babanta sunan 'yarsa, ya sunkuyar da kai, ya ce 'yarinyar can'. Ta rugo da gudu ta riƙe masa hannu a gaban mutane, ya zame hannunsa. Da suka tambaye ta, ta ce babanta bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa kiran sunanta ba. Sun kai maganar ga hukumar kula da yara. Yanzu haka wasu mata suna hanyar zuwa su ga zamanmu. Baffa, a nan in suka ce uba ba ya ƙaunar ɗansa, suna iya ɗauke shi su ba wa wasu riƙo."

Carbi ya suɓuce daga hannun Malam. Ya hango jikarsa a wani gida inda ba a san alƙibla ba, ana zuba mata abin da bai halatta ba, Fatihar da ta fara riƙewa tana zubewa daga bakinta.

"Ba ku gaya musu alkunyar ɗan fari ce ba?"

"Na gaya musu, Baffa. Sun ce ba su san wannan ba. Na roƙe shi ya kira ta ko sau ɗaya a gabansu, ya ce bakinsa ba zai iya ba."

Hanne ta tafa hannu. "To ina zai iya? Gadon gida ne. Kai da ka haife shi, har ya yi furfura 'wancan' kake ce masa. Ni kaina in ba a rubuce a wayar nan ba, ban san yadda sunan nasa yake ba."

Malam ya ce wa Muslima ta ba shi mijinta.

"Na'am, Baffa," in ji ɗan nasa a hankali.

"Kai, ka saurare ni. Alkunya ado ce, amma ba farilla ba ce. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ɗauki jikarsa a kafaɗa yana tsaye cikin salla. Ka fi shi kunya ne? Tashi ka kira 'yarka, ka ɗora ta a cinya."

"Baffa, wallahi na gwada. Harshena ne yake yin nauyi."

Ta cikin wayar Malam ya ji an ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ji Muslima ta yi salati. Ya dubi Hanne, ya dubi allunan da ke jingine da bango. Sannan ya buɗe baki.

"Mudassir."

Hanne ta dafe ƙirji.

"Mudassir, ɗana. Ka ji na kira, kuma ban mutu ba. Saura kai."

Aka sake ƙwanƙwasawa. Sai Malam ya ji muryar ɗansa, kamar ta mai koyon magana: "Suwaibatu... zo nan, 'yata." Ya ji gudun ƙananan ƙafafu, ya ji an buɗe ƙofa, wayar ta yanke.

Bai tashi daga buzunsa ba har rana ta sunkuya. Gab da magariba Muslima ta sake kira: matan sun tarar da yarinyar a wuyan ubanta ta ƙi sauka, sun yi tambayoyinsu, sun ce ba za su ɗauke ta ba, gobe ta tafi makaranta, amma za su dawo su duba.

Malam ya yi sujadar godiya. Da ya ɗago, ya miƙa hannu ya ɗauki carbinsa.