An Tone wa Inobat Rumman

A ƙauyen Kuva ko yaron goye ya san ba a barin rumman a tsaye lokacin sanyi. Kaka na wucewa ake lanƙwasa shi a kwantar, a rufe shi da ƙasa, ba a tonewa sai bazara. Masu digiri ne kaɗai labarin bai kai musu ba.

Tsohuwa Inobat tana asibiti ana yi mata aikin ido masu binciken tsirrai suka zo. Ɗanta Ravshan, wanda da ya ga mai tabarau a farar mota bakinsa ke mutuwa, shi ya buɗe musu lambu. Suka tone bishiyar da mahaifiyarta ta dasa, mai farin ɗa mai zaƙi, wadda duk ƙauyen babu irinta. Suka yanki rassa da saiwa, suka sha shayi, suka kama hanya suka bar rami a buɗe. Ravshan ya ce gobe zai rufe. Ƙanƙara ta riga shi. Da bazara ta zo, bishiya ta zama itacen girki.

Inobat ta ɗaura kallabi ta hau motar Tashkent, babban birni. A ma'aikatar binciken tsirrai aka kai ta wurin Dakta Doniyor, wanda ya jagoranci tonon, wani siririn mutum mai hannu kamar bai taɓa ɗaga tulu ba.

"Inna, zauna a kawo shayi."

"Ka sha nawa, na ga abin da ya biyo baya. Ina bishiyata?"

Maimakon amsa sai ya juyo mata da kwamfuta. Ɗigo-ɗigo ne birjik, an haɗa su da zare kamar saƙar da kyanwa ta yi wasa da ita.

"Kowane ɗigo furotin ne, Inna, wani ƙanƙanin abu a jikin shuka. Zaren yana nuna wa ke aiki da wa. Tun da tsirrai suka fara yin fure saƙar nan take canzawa, wasu su rabu, wasu su yi sababbin abokai. A naki mun ga haɗin da babu shi a rumman na daji."

"To, madalla. Ka san wa ke abota da wa a cikin bishiyata, amma ba ka san a mayar da ƙasa rami ba."

"An yi kuskure. Za mu sa sunanki cikin waɗanda muke gode wa a rahoto."

"Sunan nawa zai yi 'ya'ya? Ina rassan da kuka yanka, ɗan nan?"

Ya buɗe firiza ya ɗauko 'yar kwalba. Gari ne kore a ciki, bai cika cokali ba. Inobat ta kara shi kusa da idonta mai kyau.

"Dakawa kuka yi."

"Sai an niƙa ake samun furotin. Ba duka ba ne ai, mun kafa wasu a ɗakin gilashi..."

Magana ta riga ta fita. Ba ta tambayi hanya ba, ta bi ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi kuma yana binta yana Inna, Inna. A can kusurwa ta tarar da kasake a jere, busassun tsinkaye a tsaye cikinsu. Guda ɗaya ne ya fitar da ganye, jajaye-jajaye ƙanana. Ta sunkuya ta rungume kaskon.

Doniyor ya tare ƙofa. "Don Allah, Inna. Shi kaɗai ya kama. Sai ya yi fure zan ƙarasa aikina. In kika tafi da shi na kaɗe."

"Tawa ma ita kaɗai ce da ka zo."

"Kayan ma'aikata ne yanzu."

"Ma'aikata ce ta haifi uwata?"

Ma'aikatan ɗakin sun bar abin da suke yi, suna leƙe ta bayan tumatir. Doniyor ya dube su, babu wanda ya ɗaga masa ko gira.

"In ya yi fure," in ji Inobat, "ka zo Kuva ka yi sallama, ka nemi ni, ba wancan sakaran ɗan nawa ba. Ranar zan duba ko ina cikin hali mai kyau. Yanzu kasko na da nauyi, ni kuma ba yarinya ba ce. Riƙe min ƙofa."

Ya riƙe mata.