Zanen Zuwa Asibiti

A can ƙasan akwatin Tela akwai wani zane shuɗi mai ɗigon fari, wanda ba ya ganin rana sai sau ɗaya a shekara. Ba na biki ba ne, ba kuma na zuwa unguwa ba. Na zuwa asibitin mata ne. Da safen nan ta fiddo shi, ta karkaɗe, ta shimfiɗa a kan teburin yanka, ta bi shi da dutsen guga a hankali har karin ninkin bara ya kwanta.

Sunanta na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Tun da ta kafa keken ɗinki a ɗakin gaba kowa Tela yake ce mata, har marigayi mijinta, har 'yarta tilo idan tana jin tsokana. 'Yar ce ma ta fara kai ta wannan dubawa ta shekara-shekara, ta ja ta kamar ana jan akuya zuwa kasuwa, kafin aure da aiki su ɗauke ta zuwa wani gari mai nisa. Tela ta yi ta mita a lokacin, tana cewa lafiyarta ƙalau, me za a je ana leƙa mutum. Yanzu ga shi ita ce ke lissafin watanni kafin ranar ta zagayo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, sai dai ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. A da mata kan cika mata ɗaki, ta zagaya musu tef a ƙugu da ƙirji, a yi gulma, a yi dariya, wata ta dafa kafaɗarta tana gwada riga. Yanzu 'yan zamani ta waya suke turo awo, su turo hoton ɗinkin da suke so, su aiko a karɓa. Sai ta wuni ba ta yi magana da kowa ba in ba keken ba, shi kuwa amsarsa ɗaya ce kullum. A duk tsawon shekara, hannu ɗaya ne ke taɓa jikinta da gangan, hannun Sista.

Sista tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ƙatuwa, mai tabarau rataye da igiya a wuya da faɗan da ba ya kai zuci. Tana da wata ɗabi'a: kafin ta taɓa mace sai ta tsaya ta murza tafukan hannunta da ƙarfi har su yi ɗumi, tana murzawa tana tambaya. "Tela, har yanzu a gaban keke kike cin abinci? Yarinyar nan tana kiran ki kuwa?" Kuma in ta tambaya, jiran amsa take yi.

Bana kuwa Tela da magana ta zo. Watannin baya ta ga jini, ita da al'ada ta ɗauke mata shekara da shekaru. Ɗan kaɗan ne, ta ce ko zaman keke ne. Ya ɓace, ya sake dawowa. Tsoro ya shige ta ya zauna. Sau da yawa 'yarta kan kira, da hayaniyar ofis a bayanta, ta ce, "Mama, lafiya dai ko?" Ita kuma ta ce lafiya lau. Ta ina za ta fara irin wannan zance da 'yar cikinta, a waya, ana kiran yarinyar daga gefe? Sai ta ninke maganar ta ajiye wa Sista. Ta san hakan ba dabara ba ce. Amma bakinta mutum ɗaya ya yarda ya buɗe wa.

Zauren jira yana nan yadda ta bar shi: kujerun ƙarfe a jone da juna, talabijin a bango yana ta motsa baki babu murya, da warin maganin goge ƙasa. Mata kusan duk bibbiyu suke, wannan da uwarta, waccan da ƙawarta. Tela ta miƙa katinta, aka ɗora ta a sikeli, aka ɗaure mata damtse aka auna jini, sannan ta sami kujerar ƙarshe ta zauna ta ɗora jaka a cinya.

Kusa da ita wata matashiya ce ke ta karkaɗa ƙafa, har kujerun duka suna rawa.

"'Yar nan, za ki zubar da mu," in ji Tela. "Zuwan farko ne?"

Matashiyar ta yi murmushin kunya. "Wallahi Mama ban ko karya ba. An ce min da zafi."

"Wadda ta gaya miki ba ta taɓa zuwa ba. Tambayoyi za a fara yi miki, yaushe kika ga al'ada, ko akwai ciwo, ko ƙaiƙayi, ko wani abu da ya sauya. Sai a duba nono, a lalluba ko akwai ƙullutu, a danna mara. Daga nan ki kwanta, a rufa miki zane, a sa wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin agwagwa don a ga bakin mahaifa. A ɗan shafo da tsinke mai laushi a kai ɗakin gwaji. Shi ke nan. Kafin ki gama jin kunya an gama."

"Bakin agwagwa?" Matashiyar ta toshe baki tana dariya.

"Ba ya cizo. Ki saki jiki kawai, ki ja numfashi. In kin ji zafi ki ce a tsaya, za a tsaya." Tela ta gyara zama, tana jin daɗin muryarta a kunnen wani. "Abu ɗaya dai, duk abin da aka tambaye ki, ki faɗi gaskiya. Ba a ɓoye wa masu wannan ɗakin komai."

Matashiyar ta buɗe baki za ta ƙara tambaya, sai ga yayarta ta dawo da robar ruwa da katin da ta je karɓowa. Nan take ta juya mata, suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Tela ta mayar da idonta kan talabijin.

Da aka kira ta, ta miƙe ta gyara ɗaurin zanen, ta tura ƙofar da sallama, gaisuwar da ta tanada tana kan harshenta. Amma a kujerar Sista wata ce daban, siririya, wadda ba za ta girmi 'yarta ba, idonta a kan kwamfuta.

"Sannu Mama, bismillah zauna."

Tela ba ta zauna ba. "Ina Sista?"

"Ai ta yi ritaya. Ta koma wajen 'ya'yanta. Ni ce a nan yanzu."

Tela ta dubi ƙugiyar da Sista ke rataya jakarta, ta ga wata 'yar jaka ja a wurin. Haushi ya kama ta, na rashin dalili, irin wanda mutum ke ji da wanda bai yi masa alkawarin komai ba. A ce mace ta tattara ta tafi ko sallama babu? Ta zauna a bakin kujera, jakarta a ƙirji.

Sabuwar nas ta fara tambayoyi, yatsunta na tafiya a kan madannai. Ba ta da laifi, muryarta ma da ladabi, sai dai layin da ke waje ya fi ƙarfin hira.

"Al'ada ta ɗauke, ko?"

"Ta daɗe."

"Akwai ciwon mara?"

"Babu."

"Ƙaiƙayi, ko ruwa mai wari?"

"Babu."

"Tun da ta ɗauke, kin taɓa ganin jini, ko da ɗigo ne?"

Fankar sama ta yi ta juyi. Tela ta dubi gefen fuskar yarinyar, ta dubi yatsun da ke tsaye suna jira a ba su kalma ɗaya su wuce.

"Babu," ta ce.

Yatsun suka rubuta suka wuce. Tela ta ji kunyar kanta ta rufe ta, ita da ta gama yi wa 'yar mutane wa'azi a waje. Ta ce a ranta ba komai, in akwai abin gani ai za a gani. Ta kuma san ba lallai ba ne. Sista ta sha gaya mata cewa akwai abin da ido ba ya kaiwa sai mace ta faɗa da bakinta.

Ta shiga bayan labule ta cire abin da za ta cire. Labulen ma wani ya yi masa kalmasa a karkace, ta lura, don idon tela ba ya hutu. Ta hau gadon mai shimfiɗar takarda, ta ja farin zanen asibiti ta rufa, ta kafa wa silin ido. Ta ji an buɗe famfo, an rufe. Ta ɗaure jikinta tana jiran sanyin hannun baƙuwa.

Sai ta ji wani sauti da ta sani, shuu, shuu, shuu. Ta juyo da kai. Nas ɗin na tsaye a gefen gado tana murza tafukanta da ƙarfi, kafaɗunta har rawa suke.

"Wa ya koya miki wannan?"

Nas ta yi dariya, karon farko da ta dube ta sosai. "Wa kuwa? A hannun Sista na koyi aiki. Ranar da na taɓa wata da hannu mai sanyi, sai da ta kore ni waje na je na riƙe kofin shayi. Har ƙarfen ma a ruwan ɗumi take sa mu ajiye shi. Ga shi can."

Ta ɗora hannun. Da ɗumi. Ta bi nonon dama a hankali da tafin yatsu, zagaye bayan zagaye har hammata, ta koma na hagu. Ta gangaro mara ta danna nan, ta danna can. Ba hannun Sista ba ne, wannan ƙarami ne, ba shi da nauyi. Amma jikin Tela bai tsaya bambancewa ba. Shekara guda yake jira, sai kawai ya saki, idanunta suka cika ba da izininta ba, hawayen suka gangara ta gefe suka shige kunne.

Nas ta ɗauke hannu da sauri. "Mama, zafi na ji miki?"

"A'a. Mayar da hannunki."

Ta mayar. Ta bar shi a kan marar, ba ta danna ba.

"Ɗazu ƙarya na yi miki," in ji Tela, idonta a sama. "Ina ganin jini."

"Tun yaushe?"

"Da ɗan daɗewa. Yana zuwa yana tafiya."

"Kin gaya wa wani a gida?"

"Ni ce gidan."

Nas ba ta yi mata faɗa ba, Tela kuwa ta so a yi, don Sista da ta wanke ta tas. Ta dai jawo kujera da ƙafa ta zauna daidai kanta.

"Gara da kika faɗa. Ki saurare ni, Mama. Sau da yawa ba wani mugun abu ba ne, fatar wurin ce ke yin laushi in shekaru sun ja. Amma wani lokacin yakan zama alamar abin da ake so a kama da wuri, shi ya sa ba a zama da shi. Yanzu zan ƙarasa dubawa, in kira likita ta gan ki yau ɗin nan. Za a yi hoton mahaifa, wataƙila a ɗebi ɗan abu daga ciki a gwada. Ba zan ce miki akwai wani abu ko babu ba, sai mun gani."

Aka ƙarasa. Bakin agwagwa ya shiga da ɗuminsa ya fita, tsinke ya yi aikinsa. Likita ta zo, ta yi nata tambayoyin, wannan karon Tela ta amsa su duka. Aka sa mata ranar dawowa a mako mai zuwa.

"In da hali ki zo da wani," in ji nas, tana riƙe mata labule. "Bayan gwajin mara takan ɗan murɗa, ya fi a raka ki gida."

"To."

"In kuma babu, ki zo hakanan. Ina nan. Ki ce a kira ni tun daga ƙofa, zan sa ido."

A zaure matashiyar nan ta fito daga wani ɗakin, tana ta ba yayarta labari da hannu. Ta hango Tela ta ɗaga mata yatsa tana dariya. Tela ta ɗaga mata nata.

A mota ta fiddo waya ta nemo lambar 'yarta. Ta yi ta ringin har ta katse. Can sai ga saƙo: tana cikin taro, za ta kira anjima, da fatan an ce komai lafiya. Tela ta daɗe tana kallon saƙon. Sannan ta rubuta da yatsa ɗaya, a hankali, cewa in ta kira ta nemi wuri mai shiru, akwai magana. Ta tura kafin zuciyarta ta hana ta.

Gidan yana nan shiru yadda ta kulle shi, keke rufe da ƙyallensa, rigar wata rabi a ɗinke. Tsoron ma yana nan, bai ragu ba, ya ma sami suna da rana. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu ƙarami da ta ji kunyar ganewa. Daɗi ne. An ce za a sa ido. Akwai inda ake jiran ta mako mai zuwa, ko da kuwa kiran na rashin lafiya ne.

Ta kwance zanen shuɗin, ta ninke shi bisa karinsa, ta durƙusa ta buɗe akwati kamar kowace shekara. Sai ta tsaya da shi a hannu. Ta rufe akwatin, ta miƙe, ta warware zanen, ta rataye shi a ƙusar bayan ƙofa inda take rataya mayafin fita.