Gaskit Ɗin Kwali

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma babu injin da ya taɓa yi mini ƙarya ban gane ba. Shekara hamsin da biyu na yi a ƙarƙashin motoci. Fanka ta cinye mini yatsu biyu. Jak ya taɓa zamewa tifa ta zauna a ƙirjina, likita ya ce a kira 'yan uwa. Likitan bara ya rasu, da ƙafata na je gaisuwa.

Motata kuwa ta girmi aurena. Shuɗiya ce mai zagayayyun fitilu, kamfanin da ya ƙera ta ma ya daɗe da rufewa. Wata bakwai tana kwance a tsakar gida saboda famfon ruwanta yana yoyo. Ran Litinin uwar yara ta tsaya a kanta da bokitin wanki.

"Malam, wurin shanyata nake so. In Asabar ta yi ba ta fita da ƙafarta ba, na riga na gama magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa."

Abin da ya kwantar da ita bai kai tafin hannu ba. Gaskit ne, 'yar takardar nan da ake sawa tsakanin famfo da inji don kada ruwa ya tsiyaya. Autata, wadda take aikin jinya, ta yi odarsa ta waya. Na farko ya zo da rami biyar, famfon kuwa shida gare shi. Na biyu ya iso ran Juma'a cikin wani kwali mai sheƙi. Ina ɗaure noti ya tsage kamar busasshen ganye.

Auta ta ce, "Baba, wallahi a jiki an rubuta na ainihi ne, na motarka daidai."

Na ce, "To karanta wa motar, ko za ta yarda."

Asabar da hantsi mai ƙarafa ya iso da igiyar ja. Uwar yara har kujera ta ba shi. Ya ce, "Baba, ba gaggawa, ku yi sallama a hankali."

Zufa ta karyo mini, na ɗauki kwalin nan ina fifita. Sai na tsaya. Na murza shi da yatsun da suka rage mini. Kauri daidai, ga tauri, ba ya ɓarewa. Ashe duk ƙwarewar mutanen nan a kwali ta ƙare!

Na shimfiɗa shi a fuskar famfon, na ɗauki ƙaramar guduma na bi gefe ina ƙwanƙwasawa, ƙas, ƙas, ƙarfen da kansa yana yanke shi. Rami shida suka fito cif. Na shafe shi da giris gaba da baya, na ɗaure, na cika lagireto da ruwa.

"Kwali fa, Baba?" in ji Auta.

"Kawo farantin uwarki ki sa a ƙarƙashin famfon."

Na murza makulli. Ta yi tari sau biyu, a na uku ta kama, har tagogin gida suna rawa. Duk muka tsuguna muna leƙen faranti, har da mai ƙarafa. Inji ya yi zafi, ko ɗigo babu. Auta ta rungume ni da farar rigar aikinta, giris ya yi mata ado. Mai ƙarafa ya yi dariya har da hawaye, ya naɗe igiyarsa, ya roƙi ragowar kwalin wai motarsa ma tana yoyo.

Na sa giya zan fita, sai ga uwar yara ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, tana gyara mayafi.

"Ke da kika sayar da ita?"

"Fitar da ita na ce, ban ce ka bar ni a gida ba. Kai ni wurin yayata. Kuma tun daga bakin layi za ka fara danna hon, don ta fito ta gani."